Ni da Sista Delu a Ɗakin Bakwaini

Tun ranar da na dawo daga Doha ban huta da tambaya ba. A makarantar Asabar, kafin malama ta shigo, sai wannan ta ja ni gefe, waccan ta ja ni gefe. Masu zuwa yi mini sannu da hanya kuwa, kowacce sai na faro mata daga farko, har muryata ta dishe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta tambaya in miƙa mata. Sai dai ku yi haƙuri tun yanzu, mai son labarin dogayen benaye da kasuwar zinare ba za ta samu da yawa a nan ba. Na gan su, amma ta gilashin mota, hankalina yana wani wuri.

Ku da kuka san ni kun san ungozoma ce ni, shekara talatin da biyu na yi a ɗakin haihuwa kafin in yi ritaya. Zainab, autata, a Doha take aure, mijinta Nura injiniya ne a wani kamfanin gas. Mun shirya da ita zan je idan cikinta ya shiga watan haihuwa. Kana naka, Allah yana nasa. Cikin yana wata bakwai jininta ya hau, aka yi mata aiki. Nura ya kira ni ina tsakar gida ina tsince wake.

"Umma, an ciro shi. Namiji ne. Yana numfashi, amma ƙarami ne ƙwarai, an sa shi a kwalba."

Ni na san abin da wannan "amma" take nufi, don na sha faɗa wa iyayen wasu ita. Kwana tara biza ta yi kafin ta fito, kwana tara ina zagaye gida kamar kazar da aka kwashe wa 'ya'ya. Har aka yi suna ban tafi ba. A nan Kano aka yanka rago, aka mayar wa yaro sunan marigayi maigidana, sunan da bakina bai taɓa kamawa ba. Muka ce a riƙa kiransa Halifa.

Ƙanwata Hajara ce ta haɗa mini kaya, kuma da kun ga akwatunan sai ku ce hijira zan yi. Gero, kuka, kuɓewa, daddawa, yajin jego, man shanu a jarka, da ƙullin kanwa. Ni da bakina na sha hana masu jego yawan kanwa a asibiti, amma da abin ya zo kan 'yata sai na kasa cewa a cire. A filin jirgi aka ɗora kaya a sikeli, ma'aikacin ya dube ni ya dubi sikelin ya ce, "Hajiya, ko dai gero ya zauna ko ke ki zauna." A gaban jama'a muka buɗe akwati, Hajara ta koma gida da rabin geron a ka tana mita.

A cikin jirgi na fara ganinsu. Wata ma'aikaciya gajera, mai fara'a, ta ga ina kokawa da bel, ta durƙusa ta ɗaura mini, ta kawo bargo ta lulluɓe mini ƙafa. A raina na ce 'yar Sin ce, don mu duk mai irin wannan kamar sai mu ce ɗan Sin. Da na tambaye ta da Turanci, ta yi dariya ta ce a'a, daga Filifin take, ƙasa ce ta tsibirai can gabas mai nisa. Ban riƙe sunan ba a lokacin. Ban san sai na wayi gari ina faɗarsa a cikin addu'a ba.

Da hantsi muka sauka. Wurin duba fasfo aka ce in kalli wata na'ura, ni kuma duk sanda ta haska sai in runtse ido, sau uku ana maimaitawa. Na tsallake wannan sai akwatina ya tsaya a wurin binciken kaya. Wani jami'i ya zaro ƙullin kanwa, ya juya shi, ya kira na kusa da shi. Fararen duwatsu a leda, daga Najeriya, kun san abin da suke tunani. Na yi bayani da Turanci, na yi da ɗan Larabcin Islamiyya, har na gutsuri kaɗan na sa a baki don su gani. Bai gamsu ba, ya ci gaba da tono har ya kai ga robar daddawa, ya buɗe murfin ya kai hanci. Bawan Allah ya ja da baya, idonsa ya kawo ruwa, ya yi ta kaɗa hannu yana cewa, "Khalas, khalas, yalla!" Wato ya isa, tafi. Daddawa ce ta yi belin kanwa.

Nura yana jirana a waje. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban Larabawa da Turawa, na kawar da kai kamar yadda aka saba da suruki, amma na ga yadda ya rame. Da ƙofar fita ta buɗe, iskar da ta buge ni sai na zaci bakin tanda na leƙa. Na ce a kai ni asibiti kai tsaye, kaya su jira.

Zainab tana zaune a kujera a bakin ɗakin bakwaini, fuska a kumbure. Tana ganina ta ce "Umma" sau ɗaya, sauran kuka ne. Ɗakin kuwa ba a shiga sai iyaye, kaka sai a wani ƙayyadadden lokaci da la'asar. Na jira. Da lokacin ya yi na miƙe da ɗan dabinona a hannu da robar zamzam, zan sa wa jikana a baki. Wata ma'aikaciyar jinya ta tare ƙofa. Ba za ta wuce kafaɗata ba, gashinta ya fara furfura, ta kai shekara hamsin.

"Mama, ki cire zobe da awarwaro. Ki wanke hannu har gwiwar hannu, ga agogo can, sai ya zagayo. Wannan kuma," ta nuna dabinon, "ba zai shiga ba."

Raina ya ɓaci. Ni za a koya wa wanke hannu? Na wanke ina huci, na shiga. Da na ga Halifa, fushin ya bi iska. Bai fi tafin hannuna biyu ba, fatarsa ja kamar ba a gama ta ba, roba a hanci, waya a ƙirji. Na karɓi bakwaini ban san adadi ba, amma ban taɓa ganin nawa a kwalba ba sai ranar. Na sa yatsa ta tagar kwalbar, ina ta salati.

Matar nan tana tsaye a bayana. Ta ga yadda idona yake bin lambobin na'ura, ta ce, "Mama, kin san aikin nan?" Zainab ta gaya mata. Sai ta kama hannuna na dama, ta sunkuya, ta ɗora bayansa a goshinta. Na firgita na nemi janyewa. Ta ce haka suke gaida manya a ƙasarsu, kamar neman albarka. Sunanta Delia. Na ce mu a wurinmu akwai Delu, kuma shi zan riƙa kiranta. Ita kuma ta ce Lola za ta riƙa ce mini, wato kaka. Ita ma 'yar Filifin ce.

Gidan su Zainab yana unguwar Al Thumama, babban gida ne aka raba shi kashi-kashi, su suna sama. Jirage suna wucewa ta kanmu kamar a taɓa. Abu na farko da ya ba ni mamaki famfo ne, na ruwan sanyi shi ne mai ƙona hannu, don rana ta dafa tankin. Na biyu shiru. Mako guda na yi ban san fuskar maƙwabciyarmu ba. Babu mai sallama ta ce a sam mata gishiri, babu 'yan barka su cika ɗaki. Sai ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutunsu, matan Hausawa suka zo, matan likitoci da malaman jami'a, da kuloli na tuwo da farfesu. Na ji kamar in hana su tafiya. Wankan jegon da na ci buri kuwa bai yiwu ba, ga ɗinki a cikin yarinya, ga kullum muna hanyar asibiti. Abincinsu na can shinkafa ce da naman rago, an zuba mata busasshen lemon tsami da kayan ƙamshi, ba laifi, sai dai babu yaji. Shayinsu mai madara da ake miƙo wa mutum ta tagar mota, shi kam na yi sabo da shi.

Kwanaki suna tafiya na fara lura. Mai ba da magani a asibitin 'yar Filifin ce. Mai ɗibar jini, mai karɓar kati, mai gyaran na'urar kwalba da ya zo da akwatin kayan aiki, duk su ne. A kanti su ne, a makarantar yara su ne. Nura ya ce a kamfaninsu ma akwai injiniyoyinsu da masu walda. Na ce, "To wa suka bari a gida?" Ya ce, "Tsofaffi da yara, Umma."

Ranar da Delu ta shiga raina, wata Talata ce da la'asar. Ina zaune kusa da kwalbar, ita tana can gefe tana rubutu, ta ba mu baya rabi. Ban ga komai ba, wallahi ban gani ba, ni da ke kallonsa. Sai kawai ta ajiye biro ta taho da sauri, ta zura hannu ta murza tafin ƙafarsa, ta shafa bayansa. Sannan na'ura ta fara kuka. Yaron ya daina numfashi, leɓensa ya yi shuɗi. Ta gyara masa kai, ta ɗora masa abin iska, tana yi masa magana a hankali da yarensu kamar mai lallashin wanda ya yi yaji. Zainab ta ƙanƙame ni har farcenta ya shiga fatata. Can ƙirjin ya ɗaga. Ya sake ɗagawa. Kafin likita ya iso, launinsa ya dawo.

Da muka fito na ce mata, "Delu, yaya aka yi kika riga na'ura?"

Ta ce, "Lola, shekarata goma sha tara a ɗakin nan. Idan ɗaya ya yi shiru, a bayana nake ji."

Bayan wannan tsoron sai nonon Zainab ya ɗauke. Ana tatsa ana ba shi ta roba, ga shi likitoci sun ce babu abin da hanjinsa zai ɗauka kamar nonon uwa. Ta zauna da na'urar tatsa ta yi ta kuka, ɗigo biyar, ɗigo shida. Na dama kunu, na yi farfesu, shiru. Ranar Alhamis Delu ta tashi aiki ta same mu a bakin ƙofa da kula a hannu.

"Kada ku ji komai," in ji ta, don ita Kirista ce, "tukunyar sabuwa ce, kazar kuma a mahautar Musulmi na saya."

Na buɗe. Romon kaza ne da citta da ɗanyen gwanda, ga wani ganye yana yawo a sama. Na ɗebo na duba, na shinshina. Na ce, "Kai! Zogale!" Ta ce su malunggai suke ce masa, kowane gida akwai bishiyarsa, kuma shi ake ba mai jego. Na ce mu kwaɗo muke yi da shi da ƙuli-ƙuli. Muka tsaya a barandar asibiti, tsofaffi biyu, muna gardamar waɗanda suka fara sanin zogale. Ta ce su ma suna dafa ganye a yi wa mai jego wanka, a ɗaure mata ciki, a hana ta taka ƙasa mai sanyi. Zainab ta yi dariya, karo na farko tun zuwana, ta shanye romon tas. Ko zogalen ne, ko kununa ne, ko dariyar ce, Allah ne masani. Kwana uku nono ya zo har yana jiƙa riga.

Wata Juma'a da yamma Delu ta ce in fito in sha iska, ta kai ni bakin teku, inda suke kira Kornish, wato wata doguwar hanya da aka shimfiɗa a gefen ruwa, ga jiragen ruwa na katako a ɗaure. 'Yan ƙasarsu sun cika ciyawa ƙungiya-ƙungiya, da robobin taliya da shinkafa, wani yana kaɗa jita. Amma na lura kusan kowa da waya a gaban fuska, yana magana da wani da ba ya nan. Wata tana rera wa jariri waƙa ta waya. Wani yana duba aikin makarantar ɗansa ta waya.

A nan ta ba ni labarinta. 'Ya'yanta biyu, mace da namiji. Ta baro su babbar tana da shekara shida, ƙaramin bai cika uku ba, a hannun mahaifiyarta, don mijinta ya rasu a teku. Wata ɗaya take samu a shekara ta je gida. A ɗakinta akwai wani ƙaton kwali da take cikawa a hankali, yau sabulu, gobe takalmi, jibi cakulan, idan ya cika a naɗe shi a aika ta jirgin ruwa. Ta ce sau da yawa kafin takalmin ya isa ƙafar ta wuce shi.

"Yanzu babbar ta yi aure, cikinta ya tsufa," ta ce. "Na nemi a matso mini da hutuna, amma mu uku ne kawai manya a ɗakin, ɗaya kuma tana jinya. Sai bayan wata biyar." Ta dubi ruwa. "Ke kin zo wa taki, Lola."

Na kama hannunta na riƙe.

Bayan kamar mako uku ta kawo mini kati mai ado. Ofishin jakadancin ƙasarsu ya shirya taron murnar zumuncin da ke tsakaninsu da Qatar, za a karrama wasu ma'aikata da suka daɗe, har da ita. An ce kowa ya zo da iyalinsa. "Ni ba ni da kowa a nan," in ji ta. "Za ki zo?" Na ce ko da rarrafe.

Na fito da leshina mai ruwan goro, na kafa ɗauri. Nura ya sauke ni a West Bay, unguwar dogayen benayen nan, a ƙofar wani otal. Ina gyara mayafi na ce "Wash, Allah," sai mai gadin ƙofar, wani dogo baƙi cikin kaki, ya juyo da sauri.

"Hajiya! Barka da yamma. Daga ina?"

"Daga Kano. Kai fa?"

"Haɗeja. Shekarata huɗu ban je ba." Ya matso kusa. "Hajiya, da kika taho an fara ruwa?"

Na ce an fara, har an yi shuka. Ya gyaɗa kai kamar na ba shi kyautar doki, ya raka ni har bakin zauren.

An kafa tutocin ƙasashen biyu a gaba. Matansu sun sa riguna masu kafaɗa a tsaye kamar fiffiken malam-buɗe-littafi, mazan fararen riguna shara-shara. Da aka sa taken ƙasarsu kowa ya dafa ƙirji, kuma ba motsa baki suke yi ba kamar yadda muke yi, rerawa suke da ƙarfi, wasu hawaye yana zuba. Jakadansu ya yi jawabi, wani babban jami'in Qatar cikin farar jallabiya ya yi nasa. Abin da na fahimta, ƙasashen biyu sun daɗe da ƙulla hulɗa, shugabanninsu suna ziyartar juna, akwai yarjejeniyoyi a kan ɗaukar ma'aikata da kasuwanci. Delu ta raɗa mini cewa kafin ɗan ƙasarsu ya fito aiki sai hukumarsu ta duba takardar aikin, kuma a ofishin jakadancin akwai inda mai aikin gida za ta kai kuka idan kafil, wato uban gidan da ya kawo ta, ya zalunce ta. Ta ce ba kullum ake share hawaye ba, amma akwai ƙofar bugawa. Na tuna mai gadin nan na Haɗeja, na ce ko shi wace ƙofa yake da ita.

Ina sauraron manyan nan ina tunani. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Su suna sa hannu a takarda, amma ƙafafun da suke yin zumuncin ga su nan a zaune a bayansu, sun kumbura da tsayuwa.

Aka fara kiran suna. Malamin makaranta, injiniya, direban motar asibiti. Aka kira wata tsohuwa mai aikin gida, ta hau a ɗarare. Sai wani Balarabe mai gemu, babban mutum, ya taso daga kujerun gaba ya sumbaci goshinta a gaban kowa. Ashe ita ta raine shi tun yana zanen goyo. Zauren ya ɗauki tafi. Aka yi wata rawa da ake buga gora biyu a ƙasa, 'yan mata suna tsalle a tsakani, ni dai ina ta jiran a matse ƙafar wata.

Duk wannan Delu hankalinta ba ya wurin. Waya tana cinyarta, tana dubawa tana kifewa. Na ce lafiya? Ta ce, "'Yata ce, tun safe take naƙuda." Aka kira sunanta, ta hau, ta karɓi allon yabo, ta yi murmushin hoto. Tana saukowa ba ta dawo kujera ba, ta yi waje. Na bi ta.

Na same ta a baranda ta jingina da bango, allon a ƙasa. Ƙanwarta ce a waya, tana tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa a can garinsu, ba a bar ta ta shiga ba. Babu abin da muke gani sai koren ƙyaure. Amma muna ji. Ungozoma da ma'aikaciyar jinya, shekarun aikinmu sun haura hamsin idan aka haɗa, mun kafa kunne a waya kamar masu sauraron rediyo. Da na ji nishin ya canza na ce, "Kai ya sauko." Ta ce, "Na ji." Tana ta faɗin "tura, tura" da yarensu, ga wadda ba ta jinta. Sai shiru. Shirun nan da duk ungozoma ta tsana. Na ƙirga a zuci, ita ma na ga leɓenta yana ƙirgawa. Sai kuka ya tashi, siriri, mai ƙarfi.

Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Ni Rabi, da girmana, a otal ɗin mutane. Mai gadin nan ya taho a guje, yana zuwa ya tsaya, ya washe baki ya ce, "Hajiya, haihuwa aka yi ko aure?" Na ce haihuwa, mace. Ya ce Allah ya raya, ya juya yana share ido da hularsa.

Delu ta zame ta zauna a ƙasa da kwalliyarta. Ta ce, "Lola, 'ya'yan Larabawa, 'ya'yan Indiyawa, 'ya'yanku, duk sun bi ta hannun nan. Tawa wata ce ta karɓa." Na zauna kusa da ita, na jawo kanta kafaɗata. A ciki ana ta tafi.

Halifa ya yi kwana hamsin da biyu a kwalba. Ranar da aka sallame shi, duk ma'aikatan ɗakin suka yi layi suna ɗaga masa hannu. Da Juma'a ta zagayo Delu ta zo gida. Na yi mata tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ci tana shan ruwa tana cewa da daɗi, na san kara ce. Da ta wanke hannu ta ce, "Zan iya ɗaukarsa? Ba da safar hannu ba." Zainab ta miƙa mata shi. Ta sa hanci a wuyansa ta daɗe tana shaƙa, idonta a rufe. Mun san ba shi kaɗai take ɗauke da shi ba.

Bizata ta wata uku ce, kuma ta cika a lokacin da ya fara zama mutum, ya fara bin fuska da ido. Ni nake yi masa wanka, ni nake tsokanarsa da "maigida, yau ma ba ka ba da cefane ba". Ranar tafiya na yi masa wankan safe, na shafa masa mai, na miƙa wa uwarsa ban kalle ta ba, don na san idan na kalla jirgi zai tafi ya bar ni. Delu tana aiki, ba ta samu zuwa ba. Sai muka biya asibiti, ta tagar ɗakin bakwaini muka yi sallama, da wani jaririn a hannunta, ta ɗaga mini gwiwar hannu.

Yanzu wata na huɗu ke nan da dawowa. Gida ya yi mini faɗi. Kullum da azahar Zainab tana kira ta nuna mini shi, ya yi kumatu, ya fara zama. Ina yi masa wasa, shi kuma yana miƙo hannu yana neman cusa wayar a baki.

Shekaranjiya da hantsi ina shanya waya ta yi ƙara. Delu ce, daga garinsu, hutun ya samu. Ina jin zakaru suna cara, ruwan sama yana dukan kwano. Ta rame amma fuskarta ta yi haske. Na ce, "Ina amaryar? Nuna mini ita!" Ta juya wayar, ga yarinya ɓul-ɓul a cinyar uwarta. Delu ta miƙa hannu za ta ɗauke ta. Yarinyar ta dube ta, ta taɓe baki, ta tsandara ihu ta cusa kai a ƙirjin uwar.

Delu ta dawo da wayar fuskarta tana dariya, idonta jawur. "Kwana shida ke nan, Lola. Ba ta yarda da ni ba tukuna."

Na ce, "Ƙiwa ce, za ta saba. Ki riƙa zama kusa, kada ki matsa mata."

"Saura kwana ashirin da huɗu in koma," in ji ta.

Ruwa yana zuba a can, rana tana dukana a nan. Sannan ta ce, "Naki fa, yaushe za ki je?"

Na ce sai bayan babbar salla, idan Allah ya kai mu. Lokacin ya yi wayo.

"To ki shirya," ta ce. "Zai yi miki kuka."

Na ce na sani. Ya yi ta yi, ni dai a miƙo mini shi.